Ruwan da Na Sha a Gaban Baffa

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kowa da irin yadda yake faɗinta, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni. Ranar bikin Ummi ina ɗaki ina jiƙa goro, sai na ji wata daga dangin babanku tana gaya wa ƙawayen amarya a tsakar gida wai a gidan nan ba a san kunyar suruki ba, wai gado ne, a wurina aka samo shi. Ta ɗauka ban ji ba. Ni kuwa kun san ni, ƙafata ba ta zuwa ko'ina, karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma kunne Allah Ya ba ni. To ga yadda abin ya faru, daga bakin wadda ta sha ruwan.

Ba a daɗe da raba jiha ba, aka ce mu yanzu 'yan Gongola ne. Babanku malamin dabbobi ne, yana aiki can arewa wajen Gaidam tun muna jiha ɗaya da Barno, ana ta shirin dawo da shi gida. Ni kuma ina Mubi, unguwar Wuro Patuji, tare da kakanku, wanda duk muke kira Baffa. Matarsa ta rasu, ni ke yi masa tuwo, ni ke ɗora masa ruwan wanka. 'Yar Sabon Layi ce ni, Bahaushiya, ubana tela. Ranar da za a kai ni ɗakin miji innata ta riƙe kunnena ta ce:

"Gidan Fulani za ki. Ko yunwa za ta kashe ki, kada suruki ya ga bakinki yana motsi. Kada su ce Bahaushiya ba ta da pulaku, kunyar nan tasu."

Na riƙe maganar nan kamar layar wuya. Shekara huɗu ina gidan, Baffa bai taɓa ganin na kai ko ƙwayar gyaɗa baki ba. In ya shigo ina tauna, sai in ajiye lomar a kumatu har ya fita. Shi ma haka. In ajiye masa akushi a bakin ƙofa in juya, sai ya yi gyaran murya in zo in ɗauki kwano. Ban san da wane gefen baki yake tauna ba, shi ma bai san nawa ba, kuma muna zaune lafiya.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ina da ciki, wata huɗu, tun zuwan babanku hutun sallah. Sau biyu na yi ɓari kafin wannan, duka a wajen wata huɗun nan. Shi ya sa na kulle bakina, ko innata ban gaya wa ba. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.

Ana cikin haka wasiƙar babanku ta zo. Na gwada karantawa, rubutunsa kamar sawun kaji, sai na kai wa maƙwabciyarmu Rifkatu, ungozoma ce a asibiti, mutuniyar duwatsun Michika. Ita a Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Ta karanta mini cewa kafin ya baro arewa yana so Baffa ya zo ya ga rairayin hamada. Mahaifin Baffa ya taɓa zuwa can ɗauko kanwar shanu yana saurayi, ya dawo yana ba da labarin ƙasar da tudu ke tashi ya yi tafiya, kuma Baffa tun yana yaro yake son ya gani. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Babanku ya ce ya sami aron mota, ya sami jagora, wani dattijo mai suna Ba Bukar da ya san rairayin kamar tafin hannunsa. Wuni ɗaya za a yi, a fita da asuba a dawo da magariba. Ni ma in zo, don ba wanda ya san abincin Baffa sai ni. A ƙasan wasiƙar kuma ga abin da jagora ya ce a shirya: kowa da gorar ruwansa mai igiya, takalmi rufaffe, rawani ko mayafi mai kauri, dabino, kwalli. Ban da kilishi, ban da gyaɗa mai gishiri, ban da duk abin da ke kiran ruwa.

Rifkatu ta ninke takardar ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai Dija, ba za ka gaya ma mijinka ba?"

"In gaya masa me?"

"Ni ka ke ma wannan? Ciki nawa na gani a Mubi? Wata huɗu ne, ko ya kusa."

Na rufe fuska da mayafi. Ta ce gara in zauna a gida. Na ce in na ƙi zuwa sai an tambayi dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ina so in gani. Ni da ko Yola ban taɓa zuwa ba, a ce akwai ƙasar da ba dutse? Tun da na buɗe ido a duniya, duk inda na juya a Mubi dutse na kallona. Daga bayan dutse rana ke fitowa. To su can daga bayan me take fito musu? In an yi ruwa, ina yake gangarawa, tunda ba kogi? Tambayoyin nan suka hana ni sakat. Da Rifkatu ta ga ba zan fasa ba, sai ta ɗaga yatsa ta ce:

"To ka ji. Mota ba zai zubar da shi ba in an tafi a hankali. Ƙishi ne zai zubar. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba. Ka sha, ka sha, ka sake sha."

Na ce na ji.

Mako biyu na yi ina shiri, kuma har yau ina alfahari da shirin nan. Na je kasuwa na zaɓi goruna huɗu, ina ƙwanƙwasa kowacce a kunne don in ji ko da tsaga. Na jiƙa su kwana uku har ɗacin ya fita, na ɗinke musu rigar buhu yadda in an yayyafa ruwa za su riƙe sanyi, na sassaƙa musu marfi da totuwar masara. Babana ya ɗinka wa Baffa sabon rawani, ni kuma na sayi takalmin kambas irin na 'yan makaranta, na riƙa sa shi a tsakar gida don ƙafa ta saba, kaji suna kallona. Duk wanda na ji ya taɓa zuwa arewa sai na tsare shi da tambaya. Mai sayar da kanwa ya ce mini rairayin can yana kuka in an taka shi. Wani Buzu mai gadin shago ya ce ƙarya ne, ba kuka yake ba, waƙa yake. Na tambaye shi in mutum ya ɓata me yake duba, tunda mu a nan dutse muke duba. Ya yi dariya ya ce:

"In kin ɓata a can, ba ki duba komai. Zama kike yi, ki jira mai nemanki."

Maganar sha a gaban Baffa ma na yi tunaninta, kada ku ce ban yi ba. Na ce a raina abu mai sauƙi ne: duk inda aka tsaya sai in zaga bayan wani dutse ko wata bishiya in sha abina. Kun ji wautar. An gaya mini ba dutse, na yi ta mamakin ba dutse, na tambayi rabin kasuwa a kan ba dutse, amma da na zo shirya wurin ɓuya sai na ajiye wa kaina dutse a can yana jirana. Wanda aka haifa a gindin dutse ko a mafarki bai san fili ba.

Kwana biyu muka yi a hanya, ta Maiduguri, kafin mu isa wurin babanku. A hanyar ban sha wahala ba, ko'ina aka tsaya akwai zana ko bayan rumfa. Ranar fita muka yi sallar asuba, Ba Bukar ya zo. Siriri ne, baƙi, idonsa ƙanana kamar kullum yana hango abu mai nisa. Ya bi kayana ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga gora ya shinshina, ya duba ɗinkin buhun, ya ce wa babanku:

"Wannan matar taka ta taɓa zuwa hamada?"

"Ko bakin kasuwa sai da dalili."

"To ta fi ma'aikatan da nake kaiwa hankali."

Kaina ya yi girma. Sannan ya kafa mana doka biyu. Ta farko, duk inda ya ce a sha, a sha. Ta biyu, ba wanda zai fita daga idonsa, ko taku goma ne, ko don kama ruwa ne, sai ya faɗa a juya masa baya.

Motar Landirofa ce, babanku ke tuƙi, Ba Bukar a gefensa. Baffa ya ƙi zaman gaba saboda gwiwarsa na son miƙewa, ya shigo baya. Kujerun bayan kuwa suna kallon juna ne. Ga ni, ga surukina, gwiwa kusa da gwiwa, kowa da gorarsa a cinya.

Da farko ban damu ba, kallo ya ɗauke mini hankali. Bishiyoyi suka riƙa raguwa suna gajarta, kamar ana janye su ɗaya ɗaya. Ƙasa ta tashi daga ja ta koma fari-fari. Rana ta fito, na leƙa don in ga daga ina, sai na ga daga ƙasa ta ɓullo kawai, kamar an ɗaga faranti. Da hantsi muka tsaya, Ba Bukar ya rage wa tayoyi iska, ya ce a sha ruwa. Na sauka na duba gabas, na duba yamma. 'Ya'yana, ba abin da ya kai tsayin gwiwata. Ko akuya ba za ta sami wurin ɓuya ba. Tudun rairayi na can gaba, amma doka ta hana ni zuwa. Babanku da Ba Bukar suka ɗaga gorunansu, ni na yi kamar ina gyara igiyar takalmi.

"Kowa ya sha?" in ji Ba Bukar.

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa.

"Alhamdu lillahi," in ji ni.

Bawan Allah ya ɗauka mun sha. Bai san a wurinmu haka ake cewa a bar ni ba.

Muka ci gaba, mota na lilo a cikin rairayi kamar kwale-kwale. Can sai Baffa ya ja rawani ya rufe fuska, ya jingina, ya fara minshari. Na kai hannu kan marfin gora. Sai na tsaya. Shekara huɗu ina jin minsharin Baffa ta katanga, na san shi: yana ja sau biyu, ya yi shiru, ya saki da ɗan fito. Wannan kuwa a jere yake tafiya kamar ana zarto. Na ce tsohon nan idonsa biyu, gwada ni yake. Na mayar da hannuna. Sau biyu yana yin haka, sau biyu ina ƙi. Sai na sa rai da azahar, na ce in an zo alwala zan saci kurɓi uku a wurin kurkure baki, ba mai ganewa. Azahar ta yi, Ba Bukar ya buga tafinsa a ƙasa ya ce taimama za a yi, ruwan nan na ciki ne, ba a san abin da mota za ta yi ba. Na kalli rairayin nan, na kalli gorata, na ce yau na ga ta kaina.

Bayan salla ya kai mu gindin wani tudu, muka hau a ƙafa, babanku riƙe da hannun Baffa. Takalmin kambas ya yi ranarsa, don ta cikinsa ma ina jin zafin. Da muka kai sama na manta da ƙishi na ɗan lokaci. Tudu bayan tudu bayan tudu, har inda ido ya gaji. Baffa ya zauna, ya buɗe idonsa iya buɗewa, ya ce da babanku:

"Fari kawai nake gani. Gaya mini."

"Rairayi ne, Baffa. Da yawa."

"Kai dai da saniya ce da ka faɗi haƙoranta. Bari 'yar nan ta gaya mini, ita ta iya magana. Ina jin ta a madafa."

Ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba, daga "ina kwana" sai "ga ruwa". Na durƙusa na fara. Na ce kamar an zube garin gero na duniya duka an bar shi ba a tankaɗe ba. Na ce bakin kowane tudu kamar an yanka da wuƙa, kuma iska na ɗebe shi kaɗan kaɗan tana zubawa a ɗaya gefen, ashe tafiyar da ake cewa yana yi ke nan. Na so in ce masa akwai sawun wani ƙwaro kamar ɗinkin keke, sai harshena ya manne a dasashi. Kaina ya sara. Na shafa goshi na ji ba gumi, a bushe yake kamar ɓawon ƙwarya. Sannan marata ta murɗa.

Na san murɗar nan. Sau biyu ta taɓa zuwa mini, kuma na san abin da ke biyo ta. Na ji muryar Rifkatu, ka sha, ka sha. Na ji ta innata, kada su ce. Ga Baffa a gabana, tsakaninmu bai kai zira'i biyu ba, ga mijina, ga baƙo. Ba zana, ba katanga, ba dutse. Ta sake murɗawa.

"Baffa, ka yafe mini," na ce.

Na zare marfin na kafa kai. Ba shan kunya na yi ba, na ɗan kurɓa in rufe baki. Sha na yi irin na saniyar da ta kwana biyu a daji, maƙogwarona na ƙara, ruwa na bin haɓata yana sauka a wuya. A wurin nan da ba motsin komai, na tabbata har tudu na uku an ji. Da na sauke gorar babanku ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ni kuwa ina jiran ƙasa ta tsage.

Sai na ji ɓus, an zare wani marfin. Baffa ne. Ya ɗaga gorarsa ya sha, ya sha, har rawaninsa ya jiƙe. A ranar na fara ganin maƙogwaron surukina yana motsi. Ya sauke, ya yi ajiyar zuciya, ya ce:

"Madalla da ke. Kin kusa kashe ni."

Ya goge baki ya ci gaba:

"Ido ne ya tafi, kunne na nan. Gorar da aka sha tana magana in mota ta girgiza. Ta yaron nan tana magana, ta Ba Bukar tana magana. Taki shiru tun asuba. Na yi barcin ƙarya har wuyana ya ƙage, kin ƙi."

"Ai na gane na ƙarya ne, Baffa."

"To ni da kunnenki wa ya fi wani laifi?" Ya juya fuskarsa gefe, ya yi ƙasa da murya. "Wata biyu ke nan taɓaryarki ta rage nauyi a turmi. Na san dalili. Bakina ba zai iya faɗa ba, ba zai iya ce miki sha ba. Amma na ce ba zan jiƙa maƙoshina in bar mutum biyu da ƙishi ba."

Babanku ya ɗago kai ya ce, "Mutum biyu?" Malamin dabbobi guda, shi ne na ƙarshen sani.

Ba Bukar kuwa faɗa ya kama yi, rabi da Hausa rabi da Barbarci. Ya karɓi gorunanmu ya jijjiga, ya ce shekara da shekaru yana kai mutane rairayi, ya ga wanda ya manta ruwa, ya ga wanda gorarsa ta fashe, amma bai taɓa ganin mutum biyu rungume da ruwa suna mutuwa don ladabi ba.

"Ku mutanen dutse! Na faɗi gora, na faɗi igiya, na faɗi takalmi. Ashe sai na ce a rubuta a zuba ruwan a baki?"

Ya sa aka sauko da ni a hankali, ya kwantar da ni a inuwar mota, ya jiƙa mayafina ya rufa mini. Ya hana ni irin shan farko, ya ce kurɓi kurɓi, da dabino a tsakani. Baffa ya zauna daga gefen kaina yana jan carbi, duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗaga gorarsa ya sha da ƙara, don in ji in bi. Ina kwance ina sauraron marata kamar mai sauraron ɓarawo a bayan ɗaki. Murɗar ta riƙa yin nisa da juna. Wajen la'asar gumi ya karyo mini, ta tafi ba ta dawo ba. Ba Bukar ya ce a juya gida. Na roƙe shi, tunda an ce kwarin dabino da ake ɗibar kanwa na nan kusa, a bari Baffa ya taɓa kanwar da mahaifinsa ya ɗiba. Ya harare ni, ya duba rana, ya yarda. Baffa ya durƙusa a bakin kwarin ya ɗanɗana ƙasar a harshensa, a gabana, bai juya baya ba.

Kada ku ɗauka a banza na sha ruwan nan. Da muka dawo Mubi babanku ya ba abokansa labarin don a yi dariya, amma ya cire maganar ciki, don ba ta faɗuwa. Sai labarin ya shiga gari da ƙafa ɗaya: matar wane ta kafa kai a gora a gaban surukinta. Daga Wuro Patuji ya isa Sabon Layi kafin in huta gajiya. Innata ta aiko mini cewa na zubar mata da mutunci, ta ɗauke ƙafa daga gidana, sai ranar suna ta dawo, ranar ma ba ta ci abincina ba. A wurin biki in na ɗauki moɗa sai in ga mata suna taɓa juna. Ban taɓa kare kaina ba, don kafin in kare kai sai na faɗi abin da ya fi shan ruwan kunya. Rifkatu kaɗai ta tafa mini, ta ce da ta san haka ne da ta rubuta wa tsohon takarda tun farko.

Baffa kuwa daga ranar ya sauya doka. In na kai masa ruwa sai ya ce in kawo moɗa biyu. In tsuguna a bakin ƙofa, shi yana ciki, mu sha, in ba shi labarin abin da ke tsakar gida tunda idon ya ƙarasa rufewa. Haka muka yi har ya koma ga Allah. Abinci dai ban taɓa ci a gabansa ba, kada a ƙara mini abin da ban yi ba. Yaron da aka haifa aka sa masa sunansa, shi ya sa ban taɓa kiran sunan yayanku ba, sai dai Babangida. Gorar kuma ita ce wadda kuke gani rataye a bayan ƙofata, da kuke cewa in jefar.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ita ta riƙe gidan nan shekara da shekaru. Amma ku da kuka ji rabin labari kuka yi shiru, yanzu kun ji ɗaya rabin. Kai Babangida, da ku 'ya'yansa da kuka cika mini tsakar gida da ihu, ku gaya mini: da na riƙe kunyar nan har la'asar, yau da wa zan ce ya matso kusa?